Sannunku da Aiki, Dillalan Cikin Waya

Wanda ya ga alheri bai yaba ba ya yi butulci, shi ya sa yau zan jinjina wa wasu bayin Allah da ke aiki dare da rana ba a san fuskokinsu ba, wato kamfanonin dillancin talla da ke zaune cikin manhajojin wayoyinmu. Ranku ya daɗe, Google mai AdMob, Meta mai Audience Network, AppLovin, Unity, InMobi da sauran dangi, sannunku da ɗawainiya. Ku kuka cika wa talaka waya da kayan kyauta. Gem kyauta, tocila kyauta, ƙamus kyauta, manhajar gyaran hoto kyauta, har mai tuna masa lokacin salla kyauta. Bai fitar da ko sisi ba, kuma ba ku taɓa yi masa gori ba. Abin da kuka nema a wurinsa kaɗan ne: idonsa, lokacinsa, datarsa, batirinsa, da sanin inda ya kwana jiya.

Wannan hidima ba ta daɗe da farawa ba. A 2006 wani ɗalibi a Amurka mai suna Omar Hamoui ya kafa AdMob, tun iPhone ba ta shigo kasuwa ba. Ƙarshen 2009 Google ya sanar da cewa zai saye shi a kan dala miliyan 750. Apple ya ga an riga shi, ya sayi Quattro Wireless a farkon 2010, ya buɗe nasa shagon mai suna iAd, ya kuma rufe shi a 2016 da ciniki ya ƙi. Twitter ya sayi MoPub a 2013 a kan kusan dala miliyan 350, bayan shekara takwas ya yi cinikinsa da AppLovin a kan fiye da dala biliyan 1. Duk waɗannan maƙudan kuɗi an zuba su ne don kawai ɗan acaɓa ya samu gem ɗin da zai rage zaman jiran fasinja. Wa ya taɓa jin attajirai suna kokawa haka a kan ladan sadaka?

Tsarin da kuka shimfiɗa kuwa ya cancanci a koyar da shi. Mai haɗa manhaja zai yi rajista da ku, ku ba shi wani ɗan guntun shiri ya dasa cikin aikinsa. Daga ranar, duk wanda ya buɗe manhajar ya buɗe muku ƙofa. A cikin abin da bai fi kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, wayar za ta aika da labarinsa: wace irin waya ce, wane harshe take ji, wace ƙasa, wani lokaci wace unguwa, wace manhaja ya buɗe, da wata lamba ta musamman da ke bin wayar daga manhaja zuwa manhaja. Sai a buga gwanjo. Masu talla su yi tayi, wanda ya fi bayarwa ya samu allon, waɗanda suka faɗi kuma su koma gida da labarin mutumin a hannunsu, tunda an riga an karanta musu. A kara, dillali yana tsayawa tsakanin mai sa da mai saye, ya shafa tozo, ya buɗe baki a ga haƙora, ya karɓi la'adarsa, kuma ba wanda ke tambayar sa ko ya yarda da farashin. Ku kun ɗaga sana'ar sama: san da kuke sayarwa shi ke sayen wayar da kuɗinsa, shi ke kai ta caji, shi ke kawo kansa kasuwa sau ɗari a yini, ya koma yana godiya. Wata ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ƙasar Ailan ta ƙididdige a 2022 cewa a tsaka-tsaki ana shelar bayanan Ba'amurke a irin wannan gwanjo sau 747 a rana, na Bature mazaunin Turai sau 376. Ko uwa ba ta ambaton ɗanta haka.

Adalcinku wajen farashi ma abin a yaba ne, domin ba ku ɓoye wa kowa matsayinsa. Ana biyan mai manhaja a kan kowace talla dubu da aka nuna, amma dubu ta fi dubu. Idon da ke New York ko Landan yana rukuni na ɗaya, a yaren 'yan kasuwar. Idon da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana can ƙasa, ana ba da shi a araha, saboda aljihun mai shi ba nauyi. Ƙasashe da yawa sun rubuta a tsarin mulkinsu cewa mutane duka ɗaya ne. Ku kun hutar da mu daga wannan ruɗu, kun rubuta kuɗin kowa a gaban sunan ƙasarsa.

Nan ne nake son in daɗe, saboda nan ne yaranmu suke. Ɗauki matashi ɗaya a Zariya ko Damagaram. Ya kalli bidiyoyin da ke cewa dala za ta riƙa shigo masa yana barci. Ya ari kwamfuta, ya koyi haɗa manhaja cikin dare lokacin da aka kawo wuta, ya tara kuɗi ya biya dala 25 na rajista a Play Store. Ya yi abu mai amfani: tarin karin magana, ko koyon lissafi da Hausa, ko jadawalin rabon gado. Mutanensa suka sauke, suka sa masa albarka. Ya leƙa asusunsa bayan wata guda, ya ga 'yan sulallan da ba su kai kuɗin datar da ya ƙona ba. Idan ya kai dala 10, za a aiko masa da lambar tabbatarwa a takarda ta gidan waya, zuwa unguwar da gidajenta ba su da lamba, sai kwatance da masallaci da bishiyar dalbejiya. Ba za a biya shi ba sai ya tara dala 100. Abokansa, don ƙauna, suka ce bari su taimaka, suka riƙa latsa tallar safe da yamma. Na'urarku mai kaifin basira ta gano, ta kira abin latsawar bogi, aka rufe asusun, abin da ya tara ya tafi. An ba shi fom na ɗaukaka ƙara, kuma amsar da ke dawowa ba ta da sunan mutum a ƙasanta. Madalla da wannan horo. Haka ake koya wa yaro haƙuri da tawakkali.

Wanda ya tsallake wannan siraɗi kuma sai ya gano darasi na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar. Tunda idon mutanensa araha ne, dole ya sayar da shi da yawa. Talla ɗaya a gindin allo ba ta sayen burodi. Sai ya ƙara mai rufe allo gaba ɗaya. Sai ya sa ta fito duk bayan shafi uku, sannan duk bayan shafi biyu. Sai ya datsa abin da zai ƙare a shafi ɗaya zuwa shafi biyar, don a samu wuraren tsayawa. Sai ya kulle rabin karin maganar, ya ce wanda ke son sauran ya kalli bidiyo. Manhajar da ke biya wa mutum buƙata cikin minti ɗaya ya rufe ya tafi harkarsa, a ma'auninku ta faɗi. Wadda ke riƙe shi, ta jinkirta shi, ta sa ya latsa abin da bai yi niyya ba, ita ce ta yi zarra. Kun ƙirƙiro kasuwar da gwani ke asara saboda gwanintarsa, kuma ba ku tilasta wa kowa ba. Yaron da kansa yake ɓata aikinsa, da hannunsa, yana kallon jadawalin kuɗin shiga yana hawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kuma a zo a ga fasaha. Kana neman wata kalma cikin gaggawa, sai allo ya rufe ruf. Bidiyo ya tashi da ƙara, ko kana ɗakin jiran likita. A kusurwar sama lambobi suna saukowa, 30, 29, 28. Da suka ƙare sai 'yar alamar X ta bayyana, ƙanƙanuwa, launinta kusan ɗaya da na hoton da ke bayanta, an manna ta daidai inda babban yatsa ba zai same ta ba sai ya goge gefe. Ka goge gefen, sai ga ka a Play Store gaban wani gem da ba ka nema ba. Ka dawo, wani shafin yana jiranka da tasa alamar, ita ma sai ta ƙirga biyar. A littafin lissafinku an rubuta cewa mutumin nan ya nuna sha'awa, an kuma caji mai talla kuɗin sha'awar. Mutum ne ya zauna a ofis mai sanyi, da digirinsa, ya gwada girman alamar nan kala-kala har ya samu wanda yatsa ya fi kuskurewa. Allah ya ƙara basira. Shi kansa gem ɗin da aka nuna a bidiyon sau da yawa ba shi za ka tarar ba: a 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu tallolin Homescapes da Gardenscapes saboda wasan da suke nunawa ɗan mitsitsin yanki ne na abin da ke ciki.

Mafi kyawun dabarar ita ce kuɗin dako. Mai talla a rediyo shi ke biyan kuɗin iska. Mai talla a jarida shi ke biyan kuɗin shafi. A waya, bidiyon da aka tilasta maka kallo da datarka aka sauke shi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, don haka mai sayen data ta ɗari biyu don ya yi magana da ɗansa da ke Legas yana ba da zakkarsa gare ku tun kafin saƙon ya fita. Wayarsa mai ƙaramin ciki ta yi zafi, batir ya sauka, ya ɗauka tsufa ne ya kama ta, ya biya mai caji a bakin kasuwa.

Ba a rasa marasa wayo da ke ƙin alheri. Wani matashi a Hanoi ta ƙasar Biyetnam, Dong Nguyen, ya haɗa wani ɗan gem na tsuntsu mai suna Flappy Bird a 2013. Farkon 2014 duniya ta rufta masa, har ya shaida wa 'yan jarida cewa talla na kawo masa kusan dala 50,000 a rana. Cikin Fabrairu na shekarar ya cire gem ɗin daga kasuwa da kansa, ya ce ya zama jaraba ga mutane kuma abin ya hana shi barci. Ku duba rashin godiya. Amma ba ku yi asara ba, domin rabin labarinsa na farko shi ake karanta wa sababbin shiga har yau, rabin ƙarshen kuma an bar shi a ƙasa. Haka mutanen VLC a Faransa, masu manhajar kallon bidiyo da miliyoyin mutane ke amfani da ita: shugabansu Jean-Baptiste Kempf ya sha faɗa cewa an yi masa tayin kuɗi mai tsoka don ya sa talla a ciki, ya ƙi. Irin waɗannan su ke sa mutane tunanin cewa akwai wata hanya, kuma wannan tunani ba ya yi wa kasuwa kyau.

Ba ku manta da yara ba. Masu bincike a Jami'ar Michigan sun duba manhajoji 135 na yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa a 2018, suka tarar kashi 95 cikin ɗari na ɗauke da talla iri ɗaya ko fiye. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ya riga ya san cewa idan yana son rai na biyu a gem sai ya zauna ya kalli bidiyo ya jira ladansa. A 2016 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ci InMobi tarar dala 950,000 saboda bin sawun wuraren da mutane suke ba da izininsu ba, har da yara, ta hanyar siginar wayafai da ke kewaye da su, ko da sun kashe abin nuna wuri. Hukumar ba ta fahimci kulawa ba ce. Uwa ta miƙa wa yaro waya don ta samu ta sauke tuwo, ai dole a samu mai sa masa ido.

Ita hukumar ce kuma a 2013 ta kama masu wata tocila mai suna Brightest Flashlight Free, wadda miliyoyin mutane suka sauke, da laifin miƙa wa dillalan talla ainihin inda mutum yake da lambar wayarsa ta ciki, tun kafin ma ya amsa tambayar yarda ko ƙi. Tocilar da ke son sanin adireshin mai riƙe da ita!

Akwai wurin da yabon ke maƙale mini a wuya. A Nuwamban 2020 jaridar Motherboard ta bayyana cewa Muslim Pro, manhajar lokutan salla da alƙibla da aka sauke fiye da sau miliyan 98, tana aika bayanan wurin masu amfani da ita ga wani kamfani mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja wani abu, suka kuma yanke hulɗa da X-Mode. Shi X-Mode ba talla yake nunawa ba, bayanai yake saye kai tsaye, amma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da dillalan talla: guntun shiri a dasa cikin manhaja, a biya mai ita gwargwadon kawunan da ya kawo. Mutum ya buɗe wurinsa ne don a nuna masa gabas. Ya yi haka da asuba, da tsarki, yana neman Ubangijinsa, kuma a daidai lokacin wani yana auna nawa wannan tsayuwar za ta kawo. Sai a Janairun 2024 hukumar kasuwancin nan ta Amurka ta hana X-Mode sayar da bayanan wurare masu hatsari irin su wuraren ibada da asibitoci. Abin da aka riga aka sayar kuwa ba mai dawo da shi.

Mu koma ga yabo, akwai saura. Kun cancanci lambar girma a kan rashin nuna bambanci tsakanin masu talla, domin duk wanda ya biya kun ɗauke shi. Manhajojin rance na gaggawa ta hannun talla suka isa wayoyin mutane: kuɗi cikin minti biyar, ba jingina, ba mai tsaya maka. Mace ta karɓi dubu goma don maganin yaro, ta ba manhajar izinin ganin lambobin da ke wayarta ba ta sani ba. Kwana bakwai suka cika, ruwa ya hau. Sai surukarta da limamin unguwa da shugabar makarantar da take koyarwa duk suka samu saƙo ɗauke da hotonta ana kiranta ɓarauniya. A Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Ikeja, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance shiga lambobin waya da hotunan mutane. An gode. La'adar da aka karɓa a kan kowane mutum da ya sauke su a shekarun da suka gabata, ita halal ce, an riga an raba wa masu hannun jari.

Ɓarayi ma sun samu inuwa a gidanku, su saci mai talla, su saci mai waya. A Fabrairun 2020 Google ya cire manhajoji kusan 600 daga Play Store a tashi ɗaya saboda tallolin da ke faɗo wa mutum ko bai buɗe manhajar ba. A shekarar ce kuma aka gano wayoyin Tecno W2 kusan 53,000 da aka sayar a Habasha, Masar, Gana, Kamaru da Afirka ta Kudu sun fito daga kwali da mugun shiri a cikinsu, yana cin data yana ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar abubuwan biya bai sani ba. Kamfanin da ya ƙera wayar ya ce wani ɗan kwangila ne a hanyar haɗa wayar ya saka. Wayar talaka ce, ta 'yan dubbai, wadda aka tara kuɗinta a asusu.

Za ku ce ai mutane sun yarda, kuma mai manhaja dole ya ci abinci. Na biyun gaskiya ne, ban kuma ga laifin yaron da ya sa talla don ya sayi data ba, a ƙasar da katin naira ya sha ƙin aiki a sayayyar ƙetare kuma ba a saba biyan kuɗin manhaja ba. Na farkon kuwa an gwada shi. A Afrilun 2021 Apple ya sa dole kowace manhaja a iPhone ta tambayi mutum a fili ko ya yarda a bi sawunsa zuwa wasu manhajojin. Mafi yawa suka ce a'a. Meta da bakinsa ya ce wannan tambaya guda za ta ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Ashe yardar da kuka shekara kuna kafa hujja da ita tana nan daram muddin ba a tambayi masu ita ba. Wasunku ma ba su bari a'ar ta sanyaya musu gwiwa ba: hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci kamfanin gem na Voodoo tarar yuro miliyan 3 saboda ya ci gaba da amfani da wata lambar wayar don talla bayan mutum ya ƙi. Wannan shi ne naci, kuma mai naci shi ke samu.

Mu nan ba mu da wannan damuwa, tunda yawancinmu Android muke riƙe da ita, inda maɓallin goge lambar talla yana can cikin saituna, ɗaki bayan ɗaki, sai wanda aka yi wa kwatance. Najeriya ta yi dokar kare bayanai a 2023, wadda ta ce yarda sai ta kasance da sani kuma da son rai. Kun cika sharaɗin tsaf. Takardar yardar tana nan, shafi bayan shafi, da Turancin lauyoyi, da ƙananan baƙaƙen da ko mai digiri sai ya sa tabarau, ga mai sayar da ƙosai ta karanta ta yi nazari kafin ta latsa. Tallar rancen da ta cacar ƙwallo kuwa kun tausaya mata kun sauƙaƙa su, ba ta buƙatar tafinta: hoton damin naira ne da wani ƙaton maɓalli kore da yatsa ba ya kuskurewa.